Yadda na rubuta labarin mai goge da zabiyarsa

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, idan miji da mata suka cika tonon asirin juna a bainar jama'a kuma suka kasa rabuwa, tsofaffi kan ce sun zama mai goge da zabiya. Abin da yawancin mutane suka sani game da su biyun kaɗan ne. Wani makaɗin goge ne da wata mawaƙiya, a zamanin da gyaɗa ke da daraja, suka so juna, suka yi suna tare, daga baya kowa ya ga bayan ɗan'uwansa. A kan wannan ɗan guntun zance na gina littafina. Ni malamar firamare ce, kuma kafin shi gajerun labaran soyayya na zamani nake rubutawa a waya. Sunayen da na sa musu a littafin ba nasu ba ne, a nan ma mai goge da zabiya kawai zan ce.

Kafin in taɓa biro sai da na nemi izinin maigidana, shi kuma ya ce in sanar da mahaifinsa, domin a gari irin namu matar aure ba ta bin zaurukan mutane tana tambayar zancen gidan magajiya. Na durƙusa na yi wa Baba bayani. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ke yanzu duk tarihin malamai da na sarakuna bai ishe ki ba, sai na 'yan goge?" Daga ƙarshe ya yarda, da sharaɗin kada in ambaci sunan kowa, kuma duk inda zan je in tafi da yaro.

Wajen maza ban samu komai ba. Waɗanda suka yi rawa a gaban gogen nan suna samari su ne yau a sahun farko na masallaci, kuma ba mai son surukar gidan wane ta tuna masa. Goge dama ba shi da farin jini wajen malamai tun asali, saboda an haɗa shi da bori da giya da gidajen mata masu zaman kansu. Da wa'azi ya ƙara ƙarfi daga ƙarshen shekarun 1970, sannan aka ƙaddamar da shari'a a Kano da Jigawa a 2000, makaɗa da dama suka rataye kayansu. Dattijo ɗaya ya ce mini, "Malama, abin da Allah ya rufe a bar shi a rufe." Na yi godiya na fito.

Wata ƙanwar kakata ce ta nuna mini hanya. Ta ce akwai tsohuwa a wani ƙauye gaba da mu, wadda ta yi wa zabiyar amshi tana budurwa. Iya muke ce mata. Na same ta tana matsar tunkuza, man gyaɗa na tsattsafowa ta tsakanin yatsunta. Da na fito da waya zan ɗauki muryarta sai ta tsaya cak.

"Mayar da wannan abar cikin jaka, 'yar nan. Bakina ba ya magana da ƙarfe."

Haka muka yi har aikin ya ƙare. Ina saurare da rana, da dare in zauna in rubuta abin da kaina ya riƙe. Na lura Iya ba ta ba da labari sai hannunta na aiki. Idan ta zauna haka kawai, daga gaisuwa sai zancen ciwon ƙafa. Amma da zarar an ɗora kaskon suya, tana murza ƙuli tana jefawa cikin mai, sai zance ya ɓalle. Wani lokaci ta rera rabin baiti ƙasa-ƙasa, ta katse, ta ce astagfirullah, ta ci gaba da murza. Na koyi murza ƙuli sosai a gidan nan, don idan na zauna hannu sake kunya take ji ta yi shiru.

Ita ta faɗa mini maganar da littafin gaba ɗaya ya tsaya a kanta. Na tambaye ta wane ne gwani a cikinsu. Ta ce, "Shi hannu ne, ita ce baki. Duk waƙar da kika ji ana cewa ta wane ce, a ɗakinta aka haife ta."

Don mai karatu ya gane inda kuɗin ke fitowa, dole na koma kan gyaɗa. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, kuma tashoshin da ke kansa, irin su Ringim da Gagarawa da Malam Madori, suka zama wuraren awon gyaɗa. Da kaka ta yi sai a kafa sikeli, 'yan baranda su bazu ƙauyuka suna saye, akawu na rubutu, 'yan dako na jera buhuna kafin jirgi ya kwashe zuwa Kano inda ake tara dala. Manomin da ya shekara bai riƙe fam ba sai ga shi da fam a aljihu. Da dare a kunna fitilar ƙwai da aci-balbal a ƙofar gidan magajiya, goge ya ɗauka. A irin wannan fili suka haɗu. Shi ya gaji kiɗa, ita kuwa aurenta na fari ne ya mutu, ta ƙi komawa gidan iyayenta. Tana da kaifin baki da saurin tsara magana: ɗan baranda zai shigo fili, kafin ya zauna ta riga ta saƙa sunansa da na ubansa da garinsu a cikin waƙa. Mai goge ya ɗauki abin da ta faɗa ya maimaita da tsagiya, har jama'a su rantse gogen magana yake. Amma idan sanƙira ya tashi yin kirari, sunan namijin yake kira, kuma kyautar doki ko keke ko babbar riga hannunsa take zuwa.

Abin da ya biyo baya Iya ba ta ba ni shi a jere ba, ni na jera. Ya aure ta, ya sa ta a kulle, don ba ya iya kallon wani namiji na manna mata kuɗi a goshi. Sai fili ya fara raguwa, saboda ba sabuwar waƙa. Ya koma yana shiga ɗakinta da dare tana tsara masa baitoci yana haddacewa, gobe ya fita ya rera a matsayin nasa, ya dawo da asuba yana warin giya da turaren wasu. Ta gaji ta ce ko ya mayar da ita fili ko ya sake ta. Ya mayar da ita, kishi ya dawo. Ya sake ta, ya yi kome, ya ƙara saki. Tsakanin saki da kome babu wanda ya iya cin abinci da sana'arsa shi kaɗai: ta gwada wasu makaɗa hannunsu bai bi bakinta ba, shi ma ya ɗauki wasu mata suna rera tsofaffin waƙoƙinta jama'a na tsaki. Bayan saki na uku ne kowa ya kafa ƙungiyarsa, aka shiga zambo. Ta san duk abin da yake ɓoyewa, shi ma haka, kuma mutane suna biyan kuɗi su ji. Iya ta ce akwai attajirin da kan gayyaci ƙungiyoyin biyu dare ɗaya da gangan, ya ajiye su fuska da fuska. A littafin na ba wannan mutumin babi guda, don a ganina alhakinsa bai gaza nasu ba.

Akwai dare ɗaya da Iya ta gani da idonta. Ana shirin babban ajo, mutane sun zo daga nesa, sai zabiyar ta shiga inda aka jingine gogen ta sa reza ta tsinke tsagiyar. Na rubuta wannan a layi biyu na wuce, har sai da na ga goge a hannuna. Wani mai gyaran keke a garinmu, Kawu muke ce masa, ɗan makaɗi ne, kodayake ba dangin wancan ba. Da maigidana ya roƙe shi sai ya shiga ɗaki ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado. Kumbon ƙwarya ne an rufe shi da fatar guza, da rami a gefe ɗaya na fatar, da ɗan itacen da ake kira jaki wanda tsagiya ke hawa. Tsagiyar kanta gashin wutsiyar doki ne da yawa aka haɗa, haka ma izgar da ake gogawa. Ya nuna mini dunƙulen ƙaro da ya manne a jikin kumbon, wanda ake shafa wa izga don ta kama. Ya ce da damina fatar kan saki, sai an gasa ta a bakin wuta kafin murya ta fito. Na ba shi labarin rezar. Ya girgiza kai ya ce, "Ai gara ta mare shi a kasuwa." Ya bayyana mini cewa sai an je bargar masu doki an roƙi gashi, a zaɓa, a wanke, a daidaita tsawonsa, a ɗaura, kuma sabuwar tsagiya ba ta zama daidai a daren da aka sa ta. Wato ta san sarai abin da ta yanke. Layi biyun nan suka koma shafi bakwai.

Bai kaɗa mini ba. Na roƙa, ya ce ya yi wa mahaifiyarsa alkawari.

Sai aikin shekaru, wanda ya fi komai cin rai. Tsofaffi ba sa cewa 1966, sai dai shekarar da aka kashe Sardauna, wannan kuwa mai sauƙi ce, 15 ga Janairu. Canjin hannu, wato ranar da motoci suka koma bin dama, Afrilun 1972 ne. Amma da Iya ta ce saki na uku ya faɗo a shekarar canjin kuɗi, sai da na tsaya, domin canjin kuɗin da mutanenmu ke tunawa ya kai uku: na Janairun 1968 lokacin yaƙin basasa da aka sauya takardun fam, na 1 ga Janairun 1973 da naira ta maye gurbin fam, da na Afrilun 1984. Na tambaye ta ko bayan canjin ana ci gaba da cewa fam da sule. Ta ce har yau ma ita sule take cewa. Na sake dabara, na ce lokacin samari na tafiya soja? Ta ce ƙwarai, ƙanen mai kalangunsu ma a shekarar ya tafi. Shi ke nan, 1968.

Daga nan na yi wa kaina takarda na manna a bango. Fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12, sisi rabin sule, taro rabin sisi, kuma da naira ta zo fam ɗaya ya zama naira 2. Babu jihar Jigawa a labarin, sai 1991 aka yanke ta daga Kano, jihar Kanon ma kanta a 1967 aka yi ta. Babu Sarkin Ringim, hakimi ne a ƙarƙashin Sarkin Kano, kuma labarin ya ratsa sarakuna uku: Sarki Sanusi har 1963, Muhammadu Inuwa na 'yan watanni, sannan Ado Bayero. Kotun alƙali tana hannun En'e, wato hukumar gargajiya, a farkon labarin, zuwa 1968 ta koma hannun gwamnatin jiha. Ƙanena da ke karatu a Kaduna ya shiga Arewa House, inda ake adana takardun tarihi, ya ɗauko mini hotunan wasu shafukan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo na wancan zamani. Tallace-tallacen ciki sun fi labaran yi mini amfani, don a nan na ga irin keke da sabulu da maganin da mutane ke sha'awa, da yadda ake rubuta Hausar lokacin.

Waƙoƙin cikin littafin duk ni na tsara su. Baitocin gaskiya da Iya ta rera mini ba su shiga ba, domin zambo ne a kan mutanen da jikokinsu ke raye, kuma layi ɗaya ya isa a gane gidan da ake nufi. Na fara tsarawa irin yadda aka koya mana rubutacciyar waƙa, baiti-baiti da amsa-amo a ƙarshen kowane ɗango. Na karanta wa Iya, ta yi dariya har da tari. "Wannan ai ta 'yan makaranta ce. Wa zai yi rawa da wannan?" Ta nuna mini cewa waƙar fili ba ta jiran ƙafiya. Jagora na jefa magana, gajere ko doguwa, 'yan amshi su tare, kiɗa ya cike gurbin. Habaici kuma ba ya kiran suna, siffa yake kamawa, tafiyar mutum ko hularsa ko bashin da ake bin sa, yadda kowa zai gane amma ba mai iya kai ƙara. Muka koma yi tare: in jefa layi tana tafa cinya, idan bai hau ba ta ce "ya faɗi", in sake. Inda ya hau kuwa sai in ji ta karɓa da amshi ba ta sani ba.

Kan saki uku na je wajen malamin Islamiyyarmu, don Iya ta ce an yi auren kisan wuta bayan saki na uku, an biya wani almajirin dako ya aure ta ya sake ta. Malam ya tabbatar mini cewa irin wannan aure haramun ne kuma ba ya halatta kome a mazhabar Malikiyya, saboda haka na sa alƙalin cikin littafin ya rushe shi. Ya kuma ja mini kunne cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu. Wannan ya sa na ƙara nisanta labarin daga masu shi: na sauya garin, na sauya asalin iyayensu, na haɗa mutum biyu suka zama ɗaya.

A waya na buga shi duka, da babban yatsa, ina kai ta wajen mai caji a bakin kasuwa idan hasken sola ya gaza. Na riƙa sakin shafuka a wani zauren WhatsApp na mata masu karatu, na farko kyauta, sauran sai an biya. Nan da nan suka rabu biyu, 'yan bayan zabiya da 'yan bayan mai goge, suna faɗa har tsakar dare. Babin da ya fi kawo sababbin masu biya shi ne na daren da aka ajiye su fuska da fuska. Saƙonni suka yi ta shigowa: Anti a ƙara zambo, Anti ta rama mana. Na ƙi ƙarawa, ko da yake kuɗin na da daɗi, don a lokacin labarin ya riga ya wuce wurin dariya.

Duk da sauye-sauyen da na yi, zance ya kai inda nake gudu. Wata ranar Juma'a bayan sallah wani dattijo ya yi sallama da Baba a zaure, aka aiko in zo. Daga dangin mai gogen yake. Na gaishe shi daga bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce jikarsa ce ta karanta masa, kuma ba ya musun giya ko saki, kowa ya sani. Abu ɗaya ya roƙa, in cire zancen yaron da aka haifa tsakanin saki na biyu da na uku, wanda aka yi ta gardama a kan ubansa, domin mutumin yana nan da ransa, yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba. Na ce, "In Allah ya yarda, Baba, an cire." Babi ne da na fi wahala a kansa, kuma wasu masu karatu har yau suna cewa akwai rami a tsakiyar littafin. Gaskiyarsu ne, akwai.

Kafin ya tafi ya ba ni nasu ɓangaren. A wajensu ita ta yi masa sammu, hannunsa na hagu ya riƙa rawa har ya kasa danna tsagiya. A wajen Iya kuwa giya ce ta ci hannun, kuma shi ya sa aka zuba wa zabiyar wani abu a fura muryarta ta dushe. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne lokacin: farin 1973 ya tsayar da wasa, don mai neman abin da zai ci ba ya liƙi, sannan cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, sikeli ya tashi daga tasha. Ba su daɗe bayan haka ba, shi ya rasu a ɗakin aro, ita a gidan wata 'yar'uwarta, tsakaninsu bai cika shekara ba. A littafin na bar zargin biyu yadda na same su, kowanne a bakin mai faɗinsa. Masu son in kammala da tuba da sabon ɗaurin aure sun ji haushi, wata ma ta nemi in mayar mata da kuɗinta.

Bugawa a takarda ta kai ni Kano. Na bi ƙa'idar Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001 kuma take duba littattafai, tunda a kasuwar Kano za a sayar. Matsalar daga maɗaba'a ta zo. Samfurin farko da aka miƙo mini, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai wani ɗan akwati ya fito, saboda rubutun da suka zuba a kwamfutarsu bai san haruffa masu lanƙwasa ba. Yaron wurin ya ce a mayar da su k da d da b kawai, ai kowa zai gane. Na ce a littafin da ƙaro da karo suke shafi ɗaya ba za a yi haka ba. Muka zauna muka bi shi shafi-shafi. A bango kuma sun so su sa hoton wata budurwa mai jan baki da gwaggwaro, na dage sai hoton gogen Kawu, wanda maigidana ya ɗauka a kan tabarma.

Mai shagon littattafan da na kai wa ya juya shi ya ce bangon ba zai ja 'yan mata ba, ya karɓi kaɗan, kuɗi sai an sayar. Yawancin cinikin har yanzu ta waya nake yi, in ba direban motar Gujungu ko ta Ringim saƙo ya kai. A watan jiya wata ɗalibata ta dā ta turo mini wani shafi a YouTube inda wani mutum ke karanta littafin babi-babi da muryarsa, ya sauya masa suna, ya sa nasa a matsayin marubuci, har waƙoƙin yana rerawa da wani kari da ba nasu ba. Na tura masa saƙo bai amsa ba. Ƙanena ya taya ni cike takardar ƙorafin haƙƙin mallaka, mun haɗa da hoton bangon da shafin da ke ɗauke da shekarar bugu, an sauke babi huɗu na farko, sauran muna jira.